Ka ɗaga gulukos, saƙon insulin bai motsa ba

Ɗana, ka ce ka ɗaga gulukos daga 2.8 zuwa 16.7 mM (ma'aunin yawansa a ruwa) na awa biyu a kan ƙwayoyin INS-1 (ƙwayoyin halitta na ɓera masu yin insulin da ake reno a ɗakin gwaji), gwajin qPCR mai auna yawan saƙon jinin halitta ya nuna mRNA na insulin, wato saƙon da ƙwaya ke karantawa ta ƙera insulin, bai motsa ba, wai ko ka zubar da su. Kada ka kuskura. Da irin wannan gaggawar ake zubar da lafiyayyun ƙwayoyi da aikin watanni, bayan kuɗin sinadaran da sai an yi odarsu daga waje, kuma abin yana ci mini rai. Yaran yanzu kun iya danna na'ura, amma ba kwa tsayawa ku tambayi me take aunawa.

Ƙwayar beta, wadda ke yin insulin a jiki, cike take da mRNA na insulin, kuma ba ya saurin ruɓewa. A tsibiran fankiriyas na ɓera, wato dunƙulen ƙwayoyin da beta ke zaune a ciki, rabinsa kan ɗauki kusan awa 29 kafin ya ƙare in gulukos ya yi ƙasa, kusan awa 77 in ya yi sama. To, wanda aka ƙera cikin awa biyu mudu ɗaya ne aka zuba a rumbu, ina za ka gan shi? Abin da ke tashi da wuri shi ne ɗanyen saƙon da ba a yanke wa intiron ba, wato guntayen da ake cirewa kafin saƙo ya kammala. Shi za ka auna, da firaima (ɗan guntun da ke zaɓar wurin da qPCR zai auna) mai kama cikin intiron. Sai dai firaimar nan tana kama DNA ma, don haka ka sa DNase mai narkar da DNA, ka ajiye bututu ɗaya da ba ka sa masa RT ba, wato sinadarin da ke mayar da RNA zuwa DNA. In wannan bututun ya ba da alama, DNA ka auna, sakamakonka shara ne. Ka kuma tuna ɓeraye jinin halittar insulin iri biyu gare su, Ins1 da Ins2, kuma Ins1 ba shi da intiron na biyu, don haka firaimar intiron na biyu Ins2 kaɗai za ta kama.

Ba zan koya maka wanke ƙwayoyi ba. Amma INS-1 a ruwan reno na RPMI mai gulukos 11.1 mM suke zaune, sai ka sauko da su ƙasa tukuna, in ba haka ba babu abin kwatantawa.

Gulukos sai ya shiga ƙwaya ta ƙofar GLUT2, sinadarin gulukokainis ya kama shi, sannan furotin uku su hau gurabensu a gaban jinin halittar insulin: Pdx1 ya hau A3, MafA ya hau C1, NeuroD1 ya hau E1. Ukun tare suke jan aikin ƙera saƙon insulin. In ka bar ƙwayoyi makonni cikin sukari mai yawa, MafA ne kan fara faɗuwa, Pdx1 ya biyo, insulin ya ragu. Wannan ita ce lalacewar gaske, kuma da MafA za ka gane ta. Duba shi kafin ka taɓa kwandon shara.