Don Me Za a Yafe wa Sabon Gida Haraji Alhali Tsohon Gida Yana Biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma shekara 34 ke nan ina zaune a gida ɗaya, a wata tsohuwar unguwa da ke gefen birni. Lokacin da muka tare unguwar cike take da yara, amma yau sun girma sun watse, kuma a layinmu kaɗai akwai kango uku da filaye biyu da ciyawa ta cinye. Yanzu majalisar garinmu ta kawo shawarar cewa duk wanda ya gina sabon gida a unguwar za a yafe masa harajin gida na shekara goma. Ni ban taɓa fashin biyan nawa ba. Wane irin adalci ne a ɗauke wa baƙo nauyi a bar wa ɗan gari? Kuma me ya kamata in tambaya a zaman jin ra'ayin jama'a da za a yi?

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙorafinka yana da tushe, sai dai kafin a yanke hukunci ya kamata a san ainihin abin da ake yafewa, domin kalmar "yafe haraji" tana sa mutum ya zaci sabon maƙwabcinsa ba zai biya komai ba. A mafi yawan irin waɗannan tsare-tsare ana yafe harajin ginin da aka ɗora ne kawai, shi kuwa harajin filin yana nan yadda yake.

Bari mu yi lissafi da ƙananan lambobi don a ga abin a fili. Mu ɗauka ɗaya daga cikin filayen nan na layinku an kimanta darajarsa a kan 100, kuma harajin garin kashi 2 cikin 100 ne, wato mai filin yana biyan 2 a shekara. Idan aka gina gida darajar ta kai 500, cikakken harajin zai zama 10. A ƙarƙashin rangwamen, mai gidan zai ci gaba da biyan 2 ɗin nan na fili, a ɗauke masa 8 har shekara goma, jimilla 80, sannan a shekara ta goma sha ɗaya ya fara biyan 10 cif. Hujjar majalisa ita ce da babu gara ba daɗi: in ba a yi rangwamen ba filin zai zauna da ciyawarsa yana kawo 2 har abada, saboda haka 80 ɗin da aka yafe kuɗi ne da dama ba za su taɓa shigowa ba.

Wannan hujja tana tsayawa ne da ƙafa ɗaya, kuma a kan ƙafar nan ce duk gardamar take. Idan gaskiya ne ba wanda zai gina gidan sai da rangwame, to hukuma ba ta yi asarar komai ba. Idan kuwa mai ginin dama ya riga ya sayi fili, ya zana taswira, zai aza tubali ko an yafe masa ko ba a yafe ba, to an ɗauki 80 daga baitulmalin gari an miƙa masa kyauta. Dokokin wasu jihohin Amurka, irin su Minesota da Ilinoi, sun wajabta wa hukuma ta tabbatar da cewa aikin ba zai yiwu ba sai da tallafin kafin ta amince da wani nau'in wannan tsari. A aikace tabbatarwar tana da wuya, domin mai neman rangwame shi ne ke kawo lissafin da za a auna shi da shi, kuma da wuya ka ga magini ya zo gaban majalisa ya ce ribarsa ta ishe shi.

Duk da haka, Malam, dole in faɗi abin da ke goyon bayan majalisar, domin yana da nauyi. Gini a tsohuwar unguwa ya fi gini a sabon fegi tsada da wahala. Sai an rushe kango an kwashe ɓaraguzai, wani lokaci a tarar da tsohon tushe ko ramin masai a ƙarƙashin ƙasa. Filayen ƙanana ne kuma a warwatse suke, ba kamar makekiyar gona da kamfani zai yanka fuloti ɗari a lokaci guda ba. Ga kuma takardun mallaka da kan maƙale tsakanin magada shekara da shekaru. Bayan duk wannan, idan an gama ginin, mai kimanta daraja na banki zai dubi kuɗin da aka sayar da gidajen maƙwabta ne ya sa wa sabon gidan farashi, kuma sau da yawa farashin ba ya kai abin da aka kashe. Banki ba zai ba da bashi a kan giɓin nan ba, magini kuma ba zai cike shi daga aljihunsa ba, sai ya tattara kayansa ya tafi bayan gari. Wannan giɓin ne rangwamen ke ƙoƙarin toshewa.

Akwai kuma abin da mazauna kan manta. An shimfiɗa bututun ruwan unguwarku da kwalta da magudanai da ajujuwan makaranta ne don adadin mutanen da suka cika ta shekara talatin da suka wuce. Mutane sun ragu, amma tsawon bututun bai ragu ba, kuma idan ya fashe a gaban kango kuɗin gyaransa ɗaya ne da idan ya fashe a gaban gidan da ke cike da jama'a. Kowane gida da ya zama kango yana nufin kason sauran ya ƙaru. Ta wannan fuskar, kai ma kana da riba a ranar da filayen nan biyu suka sami masu zama.

Amma sabon iyalin da ya tare zai fara amfani da hanya da ruwa da kwasar shara da makaranta tun daren farko, alhali cikakken harajinsa sai bayan shekara goma. A tsakanin nan wani ne zai ɗauki nauyin, kuma a nan ne zarginka yake da gaskiya. Birnin Filadelfiya na Amurka misali ne da ya kamata a duba. Tun shekarar 2000 yake yafe harajin sabon gini na shekara goma, kuma an yi gine-gine da yawa, sai dai fiye da rabin harajin gidaje na birnin makarantun gwamnati yake tafiya, saboda haka duk abin da aka yafe, makarantu ne suka fi jin raɗaɗinsa. An kuma daɗe ana ƙorafin cewa unguwannin da kasuwarsu ta riga ta tashi su ne suka fi cin moriyar tsarin. A ƙarshen 2019 majalisar birnin ta gyara dokar, ta yadda daga 2022 sabon gidan zama ke samun cikakken rangwame a shekarar farko kawai, sannan ya riƙa raguwa da kashi 10 cikin 100 kowace shekara har ya ƙare. A birnin Niyok (New York) na Amurka kuwa, shirin da ake kira 421-a ya fara ne a 1971, lokacin da mutane ke ƙaura daga birnin, amma ya ci gaba da aiki har bayan filayen birnin sun shiga sahun mafiya tsada a duniya, kuma kafin wa'adinsa ya ƙare a 2022 yana cin fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a shekara. Abin da na ɗauka daga waɗannan biyun shi ne rangwame yana da saurin kafuwa da wuyar tumɓukewa, domin da zarar an saba da shi sai ya sami masu kare shi ko da dalilin kafa shi ya gushe.

Game da ko naka harajin zai ƙaru, hanyoyi biyu ne. A garuruwan da hukuma ke fara tsayar da jimillar kuɗin da take buƙata sannan ta raba a kan darajar gidajen da ke biya, duk darajar da aka cire daga lissafi tana sa kason sauran ya fi yadda zai kasance da an saka ta. Hanya ta biyu ta fi zafi ga mai fansho: idan sababbin gidaje suka ɗaga darajar layin, ranar da aka sake kimanta gidanka zai tashi a takarda, harajinsa ya bi shi, alhali kuɗin shigarka yana nan inda yake. Filadelfiyar da na ambata tana da shiri na musamman, tun 2014, da ke taƙaita irin wannan tashin ga wanda ya shekara goma ko fiye a gidansa kuma samunsa bai wuce wani ƙayyadadden adadi ba. Ina ganin wannan ne abu na farko da ya kamata ka nema a zaman, kuma ka nemi a rubuta shi a cikin dokar rangwamen kanta, kada a ce maka za a duba daga baya.

Sannan ka tambaye su ko rangwamen ya haɗa da gyaran tsohon gida. Idan wanda ya rushe ya sake gini zai sami sassauci, amma wanda ya sauya rufi ya ƙara ɗaki za a ƙara masa haraji saboda darajar gidansa ta ƙaru, to dokar da kanta tana kiran a yi rusau. A Birtaniya an daɗe ana sukar irin wannan karkata, domin ba a ɗora harajin saye, wato VAT, kan ginin sabon gida, amma yawancin ayyukan gyara ana cajinsu kashi 20 cikin 100, sai dai gidan da ya yi shekara biyu ba kowa a ciki, wanda ake rage masa zuwa kashi 5. Ka kuma tambayi abin da magini zai bayar a madadin abin da ya karɓa. A jihar Washinton ta Amurka ana iya yafe harajin gine-gine masu ɗaukar iyalai da yawa na shekara 8, amma mai son shekara 12 sai ya ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka a sa sharaɗin cewa wanda ya karɓi rangwame ya kasa kammala gini a kan lokaci, ko ya saɓa alkawari, zai mayar da abin da aka yafe masa. Daga nan sai ka nemi a faɗi ranar da shirin zai mutu da kansa in ba a sabunta shi ba, da kuma inda za a riƙa wallafa adadin da aka yafe kowace shekara, wanda a Amurka ƙa'idar lissafin kuɗin gwamnatoci da aka fitar a 2015 ta wajabta bayyana shi a yarjejeniyoyin da hukuma ta ƙulla da masu cin moriya.

In ka sami dama, ka jefa musu wata tambayar da ba kasafai ake yi ba, wato me ya sa mai filin da ya bar ciyawa ta cinye yake biyan haraji mafi ƙanƙanta a layin. Birnin Fitsbag na Amurka ya shafe shekaru daga 1913 zuwa 2001 yana ɗora wa fili haraji mai nauyi fiye da na gini, domin riƙe fili ba amfani ya zama da tsada. Tsarin yana buƙatar kimanta darajar fili daidai, kuma rigimar sake kimantawa ce ta kawo ƙarshensa a can, amma yana nuna cewa ana iya tura mai fili ya yi gini ba tare da an yafe wa kowa komai ba. Ra'ayina shi ne kada ka je zaman da niyyar kashe shawarar gaba ɗaya. Ka je da niyyar taƙaita ta ga kangaye da filayen da suka daɗe a yashe, da mayar da ita mai raguwa shekara bayan shekara.

TAMBAYA: Ni da maigidana muna shirin sayen sabon gida a wata tsohuwar unguwa, kuma dillali yana ta jaddada mana cewa saura shekara bakwai a rangwamen harajinsa. Shin wannan garaɓasa ce da gaske?

Daga wata mai karatu

AMSA: Malama, garaɓasa ce, amma mai yiwuwa kun riga kun biya wani ɓangarenta a cikin farashin gidan, domin mai sayarwa ya san darajar shekara bakwai ɗin nan kamar yadda kuka sani, kuma yakan ɗora ta a kan kuɗin da yake nema. Ku kwatanta farashin da na gida makamancinsa da ba shi da rangwame, sannan ku je ofishin haraji da kanku ku ga takardar amincewar, ku tabbatar da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, da kuma ko tana bin gidan idan an sayar ko tana tsayawa a kan mai shi na farko. Wasu tsare-tsaren suna faɗuwa idan mai gida ya tashi ya zuba 'yan haya, wasu kuma idan an yi jinkirin biyan harajin filin.

Abu mafi muhimmanci shi ne ku nemi jami'in ya lissafa muku cikakken harajin gidan kamar yau ne rangwamen ya ƙare, ku duba ko samunku zai ɗauke shi tare da biyan bashin banki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A lissafin da na yi wa Malam a sama, mai biyan 2 zai wayi gari yana biyan 10, ninki biyar ke nan a shekara guda, kuma idan an sake kimanta gidan a tsakani adadin zai wuce haka. Idan kuna tunanin sayar da gidan bayan shekara biyar ko shida, ku sa a ranku cewa mai saye na gaba zai tarar da shekara ɗaya ko biyu ne kawai suka rage, kuma da wannan lissafin zai yi muku tayi.