Miyar firiza da kwanon maƙwabta

'Yata, na ga saƙonki, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun maganar ba ta yi tsami ba. Kin ce maigida ya sayo miki firiza, kina haɗa miyar mako ranar Asabar saboda aikin koyarwa ba ya sakinki sai bayan la'asar. Hajiya surukarki kuma ta ce a gidansu ba a ba magidanci miyar da ta kwana, kuma tara abinci a ƙanƙara rowa ce. Kina so ki sani ko kin saɓa al'ada.

Ba ki saɓa ba. Amma rabin maganar Hajiya gaskiya ce, kuma shi ne rabin da ya fi nauyi.

Ajiya dai gadonmu ce. Kakarki ba ta taɓa ganin firiza ba, amma ɗakinta bai rabu da tanadi ba: kuɓewa yankakkiya a shanye, garin kuka, kauɗar tumatir da tattasai, daddawa a ƙunshe, har ƙanzon tukunya ba ta yarwa, sai ta busar da shi don ranar kwaɗo. Ɗumamen safe da magidanta da yawa suka fi so a kan shayi da burodi, ai tuwo ne da miya da suka kwana. Naman layya kuwa kin san yadda muke soya shi ya ƙafe, mu rufe shi da kakiɗe, a ware wutsiyar rago har daren cika-ciki, wata guda cif bayan babbar salla. Da can rana da wuta da mai ke tsare mana abinci, yau sanyi ya shigo cikinsu.

Ko a addini haka abin yake. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana 3, a shekarar da mabuƙata suka shigo Madina. Da yanayin ya wuce sai ya ce a ci, a ajiye, a yi sadaka. Ki lura da dalilin hanin, don nan ne maganar Hajiya ta kama ƙasa.

A gidan da muka tashi, ba a auna tuwon dare daidai bakin mutanen gida. Akwai kwanon tsohuwar da ke bayan katanga, akwai na zaure don baƙon da dare ya yi masa, akwai na almajirin gida da zai yi sallama bayan isha'i. Idan an yanka kaza ko an yi dambu, yaro ne zai ɗauki langa a rufe ya ce, "Wai in ji Inna, ga ɗanɗano." Langar kuma ba ta dawowa wayam. Wani ɓangare na wannan kyauta imani ne, wani ɓangaren kuwa larura ce, domin abin da ya rage in ba a bayar ba zai lalace kafin gobe da rana. Firiza ta kawar da larurar. Yanzu mace na iya kwashe ragowar tukunya tas ta daskarar, maƙwabciyarta mai jego na jin ƙamshi ba ta ga komai ba, ita kuma ba ta ji ta yi laifi ba tunda ba ta zubar ba. Wannan shi ne abin da nake ji miki tsoro, kuma ina kyautata zaton shi Hajiya take nufi da rowa. Saboda haka ranar da kika yi babban girkin nan, ki fara cika kwanon Hajiya da na maƙwabta tun miyar tana tururi, abin da ya saura shi ne na roba. Naman layya ma haka, rabon dangi da mabuƙata ya fita daga gidan kafin ki buɗe murfin firiza.

Sai batun yadda za ki yi ajiyar, don wata miyar firizar ta cancanci ƙorafin da ake yi a kanta.

Inda ribar take sosai shi ne kayan miya. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura da Garun Malam yake cika kasuwar 'Yan Kaba, kwando yana araha. Da damina ta kama sai ya yi tashin gwauron zabo, balle shekara irin 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Ki sayi kwando a lokacin arha, ki haɗa da tattasai da attaruhu da albasa, a markaɗa, ki tafasa har ruwan ya tsotse ya yi kauri. In kika daskarar da shi ɗanye, ruwa kawai kike biya wa kuɗin wuta. Ki ƙulla a leda ko ƙananan robobi, kowane ɗaya daidai girki guda, ki bar ɗan sarari a sama domin abu mai ruwa yana kumbura idan ya daskare. Nama ma a yanka a raba ƙulli-ƙulli. Waken ƙosai da alala ki surfa ki wanke ki tsane, ki ajiye, za ki gode wa kanki da azumi.

Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa kada ki daskarar da su a kaɗe, yauƙinsu yakan tsinke. Ki ajiye romon naman da daddawarsa da kayan ƙamshinsa, in kin dawo aiki ki tafasa ki kaɗa kuka sabuwa, minti 10 ya isa. Tuwo kuma ki tuƙa na ranar, don wanda ya daskare ya narke yakan yi ruwa ya farfashe. Dafaffen ƙwai, latas da kokwamba ba su da hurumi a can.

Ki riƙe wannan da kyau: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi, da abincin ya narke su ci gaba daga inda suka tsaya. Don haka kada girki ya wuce awa 2 a waje kafin ya shiga sanyi, musamman shinkafa, kuma a zafin Afrilu ko awa 2 ɗin ta yi yawa. Ki juye a faffaɗan mazubi ya huce da wuri. Abin da kika fitar ya narke, a tafasa shi sosai a cinye, kada ya koma. Ki riƙa rubuta kwanan wata a jikin roba, dafaffiyar miya kada ta haura wata 2 zuwa 3.

Wuta ita ce babbar matsalarmu. Firiza tana son digiri 18 ƙasa da sifili. Idan ta cika maƙil kuma ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kusan kwana 2 bayan an ɗauke wuta, in rabi ce kwana 1. Ki cike gurbin da gorunan ruwa su zama ƙanƙara, ki hana yara buɗe-buɗe. Naman da kika tarar ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi, kada ki ɗanɗana don gwaji, ki haƙura da shi. In kuwa unguwarku takan yi kwanaki ba wuta kuma ba ku da sola, ki zauna da maigida ku lissafa kuɗin man janareta. Watakila ku ga kauɗa da suya sun fi muku sauƙi, a bar wa firiza abin mako guda kawai.

Game da Hajiya, kada ki ja da ita, kada kuma ki tura mijinki ya yi mata bayani, zai zama kin kai ƙararta. Duk ranar da za ta zo, ko Juma'a da kike tashi da wuri, ki yi mata girkin ranar tun daga farko. Idan tumatir ya yi tsada, ki aika mata da ƙulli biyu na markaɗenki ki ce a sa albarka. In ta karɓa ta yi amfani da shi, kada ki tayar da tsohuwar maganar.

Ki gaida maigidan, ki gaida Hajiya da kyau, ki ce ina nan tafe bayan salla in Allah ya kai mu.

Goggonki