Filin Tambaya da Amsa: Burtuntuna, Fumfunar Gyaɗa da Irin da Ke Daina Jure Cuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na cuɗa irin dawata da magani kafin shuka, amma duk da haka burtuntuna ta fito. Maganin ne jabu, ko ni ne ban iya ba? Daga wani manomi a Gaya, jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zargi magani, a fara duba zangarniyar, domin burtuntuna ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke mayar da kowace ƙwayar dawa 'yar jaka mai ruwan toka cike da baƙin gari. Wajen sussuka jakunkunan kan fashe, garin ya manne wa lafiyayyun ƙwayoyi. In an shuka su, cutar ta tsiro tare da dawar, ta yi ta bin cikin kara ba a ganinta sai an fid da kai. Wannan ita ce maganin iri ke kashewa kusan ƙurmus. Apron Star, alal misali, ana cuɗa fakiti mai giram 10 da iri kilo 4. A auna da sikeli, don mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. A zuba a mazubi mai murfi a girgiza har kowace ƙwaya ta ɗauki launin maganin, kuma abin da ya rage kada ya shiga tukunya ko a watsa wa kaji.

Idan kuwa zangarniyar gaba ɗaya ce ta zama dunƙulen baƙin gari, wannan a ƙasar gona take zaune, tana iya shekaru a can. A sa kan a cikin buhu tun bai fashe ba, a yanke, a ƙone, sannan a huta da dawa a wurin a sa gyaɗa ko wake. Ta uku takan kama ƙwayoyi kaɗan su yi tsawo su lanƙwashe. Iska ce ke kawo ta lokacin da dawa ke fid da kai, don haka cuɗa iri ba ya hana ta.

Tambaya: Ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. An ce min gyaɗar da ta yi fumfuna tana da guba. Ashe suya ba ta kashe gubar? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ba ta kashewa, kuma wannan ne ya sa lamarin ke damun mu. Fumfunar sunanta Aspergillus flavus, gubar da take fitarwa kuma aflatoksin. Zafin suya yana kashe fumfunar, amma yawancin gubar na nan daram. Wajen matsar mai ma, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙulin da yara ke ci. Tana lalata hanta, tana jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma bincike ya danganta ta da tsumburewar yara. A 1960 aka fara gano ta, bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila sakamakon cin tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Tun a gona matsalar ke farawa. Idan ruwa ya ɗauke a makonnin ƙarshe kafin gyaɗa ta nuna, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage ko gara ta huda shi, fumfunar ta samu ƙofa. Jinkirin cira da tara gyaɗa tsibi tana jiƙe suna ƙara ta'azzara abin. Ki riƙa saye a hannun wanda ya shanya a kan tamfol har ƙwayar na kaɗawa a cikin kwanso, ki kuma guji wadda aka yayyafa wa ruwa don ɓara ta yi sauƙi. Kafin suya ki zauna ki tsince: duk wadda ta yamushe, ta fashe, ko ta canza launi, a fitar da ita. Ƙwayoyi ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawan gubar, shi ya sa tsinta ke rage ta sosai. Abin da aka tsince a binne shi. In aka ba saniya, gubar na fitowa a nono.

Ga manoma akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar. Gasasshiyar dawa ce aka lulluɓe da 'yan'uwan wannan fumfuna waɗanda ba sa yin guba. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta, mako 2 zuwa 3 kafin fure, ƙasa na da danshi, sai su riga masu gubar mamaye gonar. Ta fuskar iri kuwa, babu gyaɗar da ta gagari fumfunar baki ɗaya. Irin 55-437 da aka sani a Nijar yana da ɗan juriya, SAMNUT 24 na cibiyar IAR Samaru kuma yana nuna da wuri, ya tsere wa farin ƙarshen damina.

Tambaya: Me ya sa ingantaccen iri da aka ce yana jure cuta yakan koma yana kamuwa bayan wasu shekaru? Daga wani ɗalibin aikin gona a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, sau da yawa ba irin ne ya canza ba, cutar ce. Tun a shekarun 1940 masanin Amurka Harold Flor ya nuna cewa ƙwayar gado guda a jikin shuka tana gane wata alama guda ce a jikin cuta, kamar yadda mai gadi ke gane fuskar ɓarawo. Da zarar an gane ta, shukar ta kashe 'yan ƙwayoyin jikinta da ke wurin, cutar ta rasa abinci. Amma fumfuna na hayayyafa ne da miliyoyin ƙwayoyi, kuma a cikinsu ba a rasa wadda alamarta ta sauya. In kowa ya shuka iri ɗaya, ita kaɗai za ta samu abinci, cikin 'yan shekaru ta cika gari.

Haka ya faru da alkama. Ƙwayar gadon Sr31 ta shafe shekaru tana kare ta daga cutar tsatsar kara a ƙasashe da dama, har sai da aka ga wani sabon nau'in tsatsar a Uganda a 1998, wanda aka raɗa wa suna Ug99. Ya bazu zuwa Kenya da Habasha, ya tsallaka Yaman da Iran. Yanzu ana kai dubban nau'o'in alkama Njoro a Kenya don a gwada su a gaban cutar.

Mafita biyu masu kyautata iri ke bi. Ko dai su tara ƙwayoyin gado uku ko huɗu a iri guda, ko su nemi ƙwayoyin gado irin su Sr2 waɗanda ba sa hana cutar ɗungurungum amma suna rage mata gudu, kuma sun fi daɗewa. Da ido ba a iya sanin shukar da ta gaji duka, sai a yanki ɗan ganye a duba alamomin gado a ɗakin gwaji. Da wannan dabara cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da jami'ar aikin gona ta Haryana suka fitar da geron HHB 67 Improved a Indiya a 2005, mai jure cutar da ke mayar da kan gero ganye.

Sai dai wani lokaci laifin na ajiyar iri ne. Gero da masara iska ke ɗaukar musu barbara daga gonar maƙwabci, don haka a sabunta irinsu bayan damina 2 ko 3. Masarar haibirid kuwa, wato wadda aka samu ta hanyar auren iri daban-daban, kowace shekara ake sayen sabuwa, domin 'ya'yanta rarrabuwa suke yi, wasu su gaji juriyar wasu su rasa.