Ko mai bi zai iya koyon hikima a wurin wanda ba Kirista ba?

Tambaya: Baba Fasto, ni ɗalibi ne a jami'a. Na karanta rubuce-rubucen masanan Girka na dā da na wani malamin Musulunci a kan haƙuri da riƙon amana, har na ga sun gyara mini hali. Sai wani mai wa'azi ya ce duk hikimar da ba ta fito daga bakin mai bi ba ta Shaiɗan ce. Ya karanta mini Kolosiyawa 2:8, ayar da take gargaɗi kada wani ya kama mu bauta ta wurin falsafa da yaudarar banza, ya ce in ƙone littattafan. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Zunubi na yi?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, ba ka yi zunubi ba, kuma kada ka ƙone ko shafi ɗaya.

Bulus ɗin da ya rubuta wa Kolosiyawa shi ne ya tsaya a Atina ya kafa hujja da mawaƙan Girka masu bautar gumaka (Ayyukan Manzanni 17:28). An koya wa Musa dukkan ilimin Masarawa, kuma surukinsa Yetro, firist na Madayana, shi ya ba shi shawarar naɗa alƙalai don kada shari'a ta gajiyar da shi. Musa bai ce "kai ba namu ba ne" ba, ya karɓa.

Amma bari in tsaya a kan maganar mai wa'azin nan, domin kullum ina cin karo da ita, ta kuma ishe ni. A ɗauki aya ɗaya, a yanke mata kai da ƙafa, a tsorata yara da ita! Karanta surar har ƙarshe. Abin da Bulus yake tsawatarwa shi ne koyarwar da take kama mutum bauta ta raba shi da Almasihu: sujada ga mala'iku, da dokokin kada ka ci, kada ka taɓa. Littattafan da aka ƙone a birnin Afisa a zamanin Bulus kuwa na sihiri ne, masu su ne suka kawo su da kansu bayan sun tuba. Ina ruwan wannan da littafin da ya koya maka riƙon amana?

Haɗarin bai tsaya ga littafi ba. Wanda ya yarda yau cewa babu gaskiya a bakin wanda ba mai bi ba, gobe zai zubar da maganin hawan jini don likitan ba ɗan'uwa ba ne, jibi ya cire 'yarsa daga makaranta. Idan ka lura kuma, bayan an rufe maka kowace ƙofa, guda ake bar maka a buɗe: bakin shi mai wa'azin, wani lokaci har da kwalbar man shafewa ta sayarwa. Wannan kiwon jahilci ne, aka sa masa rigar tsarki. Allahn da yake sa rana ta fito wa nagari da mugaye bai hana sauran 'yan Adam hankali ba.

Ikkilisiya ta daɗe da sanin haka. Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Kirista wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarin Aristotil da Ibn Sina da Ibn Rushd, ya ɗauki abin ɗauka, ya yi musu gardama inda suka saɓa. A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishof-bishof na Katolika, ta bayyana cewa Ikkilisiyar Katolika ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki a sauran addinai.

Iyaka dai tana nan. Agustin, ɗaya daga manyan malaman Ikkilisiya na dā, ya amfana da rubuce-rubucen mabiyan Filato masanin Girka, amma ya ce bai sami labarin Kalman da ya zama mutum, wato Yesu, a wurinsu ba. Kai ma ba ceto za ka nema a littattafan nan ba. Ci gaba da karatunka, kana gwada kome kamar yadda 1 Tasalonikawa 5:21 ta ce. Inda marubuci ya musanta mutuwar Yesu da tashinsa, ka san kun rabu a nan. Wurin da ya rikita ka kuwa, kai shi gaban dattijon da ya taɓa karanta irinsa.