Fim ɗin da zai fito da ni, da Larabcin Ummata za a yi dariya a cikinsa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaisuwa, ya gida, ya ƙoƙari da mu. Na daɗe ina son rubuto miki, sai in fara in goge, don abin da kunya.

Ni saurayi ne, shekarata 24, a Jidda aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, ya yi ƙwadagon auduga a Jazira ta Sudan har ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya tsallako ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin. A Makka aka haifi Babana, amma Allah bai sa sun samu jinsiyya, wato zama 'yan ƙasa, ba, don haka har yau fasfon Najeriya ne a hannunmu, da igama, wato takardar izinin zama, muke zaune. Ummata kuwa daga Ringim aka kawo ta tana amarya. Shekara 30 ke nan, amma Larabcinta na nan yadda ta same shi: mace da namiji duk "inta" ne a wurinta, wato "kai" na namiji.

Ina aiki a wani sito a kudancin Jidda, ina ƙirgar kwalaye, igamata a hannun kamfanin take. Baba tela ne, idonsa ya fara rauni. Tun da aka rushe unguwarmu a 2022 muka koma haya mai tsada, ga kuɗin zama da ake biya wa duk wanda ke ƙarƙashin igamar wani, riyal 400 a wata kan mutum ɗaya. Umma da ƙannena mata biyu, 1,200 ke nan tun ba a yi zancen shinkafa ba. Rabin albashina can yake tafiya.

Gwaggo, ni dai fim nake so. Da gajerun bidiyo na fara, ni da abokaina a TikTok. Sai wani abokina ya ja ni lokeshan na shiga cikin 'yan cike gurbi, waɗanda a nan ake kira kumbars: riyal 150 da abincin rana, ka wuni a tsaye. Na yi mai gadi, na yi ɗan dako, na yi bawa a wani shiri na tarihi. Sau ɗaya aka ba ni magana jimla huɗu, ranar ban yi barci ba don murna.

Wata rana ana hutun cin abinci sai na kwaikwayi yadda Umma ke ciniki a kasuwar Bab Makka. Aka yi ta dariya, har mai kyamara ya ƙware. Bayan wata biyu daraktan ya kira ni. Za su yi shiri mai dogon zango na watan azumi, kashi 30, zan fito a 12. Zan zama mai gadin wani gida, Takruni, kamar yadda ake kiran mu 'yan asalin Afirka ta Yamma a nan, mai ɗan hali, kuma da wannan Larabcin zan riƙa magana. Riyal 18,000 za su ba ni, amma a hannu, ba takarda, wai saboda igamata. Kuma sai na bar sito sati shida.

Ga ta biyu. Wani da ya ce shi furodusa ne a Kano ya ga bidiyona, ya neme ni a WhatsApp. Ya ce in taho zai mai da ni babban jarumi, in tura naira 800,000 ta rajista da gudummawar fim. Kamfaninmu ba za su ba ni dogon hutu ba, sai dai in karɓi huruj niha'i, bizar barin ƙasa, in fita gaba ɗaya. Sau biyu na taɓa zuwa Najeriya, kuma duk zuwan 'yan uwa dariyar Hausata suke yi, wai Hausar Takari.

Baba bai san komai ba. Shi a wurinsa fim iskanci ne, kuma ya ɗauka ƙarin aiki nake yi ran Juma'a da Asabar. Gwaggo, wanne zan kama? Ina tsoron in wannan damar ta wuce, a cikin kwalaye zan tsufa.

Ɗanki, daga Jidda.

*

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa Babanka lafiyar ido, ya saka maka da abin da kake ɗauka a gidan nan.

Bari in sallami mutumin Kano tukuna, don shi ne mai sauƙi. Kada ka tura masa ko sisi. Mai neman jarumi shi ke biya, ba shi ake biya ba. Rajistar 'yan fim a Kano tana da ofis: akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha tun 2001, akwai ƙungiyoyin masu sana'ar, ana zuwa da ƙafa, a biya a karɓi rasit, ba a asusun wani ta WhatsApp ba. Ko da mutumin kirki ne, Kannywood ba ta zauna da buhun kuɗi tana jiran baƙo ba. Kasuwar faifai ta mutu, kowa ya koma mai dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, kuma a 2022 wata dattijuwar jaruma ta faɗa a hira da BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa biyar akan ba ta, har aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu furodusoshi suka musanta. Kai kuma ka fi ni sanin mene ne huruj niha'i. Haihuwa a Jidda ba ta ba ka ƙasar ba, ta uba ake samun jinsiyya, don haka in ka fita ka zama baƙo kamar kowa, Umma da ƙannenka su koma wuyan tela mai raunin ido. Sakin reshe kama ganye ke nan. In Kano na ranka, ka tara hutunka, ka karɓi huruj da auda, bizar fita da dawowa, ka je ka ga lokeshan ɗinsu da idonka ka dawo.

To, mu zo ga wadda ta hana ni barci.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk karantawa wuri ɗaya nake tsayawa: wurin hutun cin abincin nan. Ka ba da labarinsa da sauri, kamar mai tsallake kwata. Ɗana, daraktan nan bai taɓa jin muryar Ummanka ba, kai ka kai masa ita. Ba ina ɗora maka laifi ba ne. Kowane gidan Bahaushe a Makka da Jidda 'ya'ya suna tsokanar iyayensu mata da Larabcinsu, ni ma da na yi zaman shekaru a wajen Shara Mansur a Makka haka yaran gidan suka mai da ni abin nishaɗi, in ce a ba ni ruwa su kwashe da dariya. Amma wannan dariyar cikin gida ce, uwar ma tana ciki, ta kai maka duka da muciya a wuce wurin. Wadda za a yi bayan shan ruwa a gidajen da ba su san ta ba, daban take. Can ba Umma za su gani ba, Takruni za su gani, kuma an haɗa musu da sata. Washegari ƙannenka ne za su shiga aji, yara su tare su da wannan muryar. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa kai suke so: in Bahaushe ne ya yi, wa zai ce an ci zarafi?

Kada ka fahimce ni a baibai, ba gadin ne ya dame ni ba. Iyayenmu da yawa gadi da dako da wankin mota ne suka riƙe su a ƙasar nan, ba abin kunya a ciki, kuma babu jarumin da ya fara daga sama. Ko bawan da ka yi ban ƙi ba in tarihi ake bayarwa, ai sai 1962 aka haramta bauta a Saudiyya, ba a ɓoye yake ba. Abin dubawa shi ne, mai gadin nan mutum ne ko abin wasa? Yana da suna? Yana da gida, yana da abin da ke damunsa? Akwai wurin da shi ne mai gaskiya, masu gidan ne suka ji kunya? Ka ce su ba ka rubutun kashi 12 ɗin nan ka karanta kafin ka ce uffan. Sannan ka koma wa daraktan da magana ta ɗan sana'a, ba ta mai fushi ba. Ka ce masa kai haifaffen Jidda ne, Larabcin Hijaz ne a bakinka, kuma irinka sun cika garin. A bar mai gadin ya yi magana kamar kowane ɗan Jidda, ya juya Hausa in yana waya da uwarsa, a cire satar. Ka nuna masa abin dariyar zai fi armashi in mai gadin ne ya fi kowa sanin sirrin gidan. In ya karɓa, ka samu abin da ya fi kuɗin. In ya ce a'a, lallai sai da gurɓataccen Larabci da sata, to ka san ba fuskarka yake so ba, ka yi masa godiya ka tafi. Na san abin da riyal 18,000 ke nufi a gidanku, wata goma sha biyar ne na kuɗin zaman Umma da ƙannenka, na yi lissafin. Duk da haka ni ban ba ka shawarar karɓa a haka ba.

Kuma ko an gyara labarin, maganar "a hannu, ba takarda" ita kaɗai ta isa ta tsayar da kai. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta hana baƙo yi wa wani aiki in ba kafilinsa mai riƙe da igamarsa ba, hukuncin kuma ya haɗa da tara da ɗauri da tarhil, wato kora daga ƙasar. Da can kana cikin taron kumbars, fuskarka na wucewa kamar walƙiya. Yanzu kashi 12 ne a watan da kowa ke gaban talabijin, ga sati shida da kamfaninku zai neme ka ya rasa, ya iya kai rahoton ka bar aiki. Su masu shirin tara za su biya su ci gaba, kai ne za a kwana da kai a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora. In sun hana ka kuɗin ma, da wace takarda za ka kai ƙara? Ka tambaye su kai tsaye: za su ɗauke ka ta Ajir, tsarin da hukuma ta yi don aron ma'aikaci na ɗan lokaci, ko za su mai da igamarka hannunsu da kwantiragi a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago? Tun Maris na 2021 aka sassauta sauya wurin aiki ga wanda ya cika shekara. Ka biya lauya ko mu'aƙƙib na kirki, mai bin takardu a ofisoshin gwamnati, ya duba maka wanne ya dace da sana'ar da ke rubuce a igamarka. Kamfanin da ke son ka da gaske ba zai ji nauyin takarda ba.

Tsoron tsufa a cikin kwalaye kuwa, ka rage shi. Sana'ar nan jaririya ce a inda kake. Sai a Afrilun 2018 aka buɗe sinima a Riyad bayan rufin shekara 35, Hukumar Fina-finai ta Saudiyya a 2020 aka kafa ta, bikin fina-finai na Bahar Maliya kuma a Disambar 2021 aka fara shi nan tsohon garin Jidda, a Balad, kusa da inda Umma ke cinikinta. Bikin yana da asusun tallafi da ya haɗa da fina-finan Afirka. Kasuwar da ba ta gama ci ba ce, kai kuma ka zo da sassafe. Sunan Hausawi ma ba baƙo ba ne a idon Sa'udawa, Usama Hausawi ne ya riƙe kambun kyaftin ɗin ƙasar a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha. A fim ne har yanzu kujerarmu take bakin ƙofa.

Wani abu kuma da ka faɗa a layi biyu ka wuce: mutumin da ya taso daga Haɗeja a ƙafa, shekara bakwai, gonar auduga, Sawakin, teku. Wa kake jira ya yi wannan fim ɗin? Daraktanka bai san labarin ba, mutumin Kano bai san Hijaz ba. Hausar da ake yi wa dariya a Kano da Larabcin da ake yi wa dariya a Jidda, kai kaɗai ne a lokeshan ɗin nan kake da su duka biyu. Kana da waya, kana da abokan da kuka saba ɗauka tare. Minti goma ya isa gajeren fim.

Saura Baba. Tun ran da ka ce masa ƙarin aiki kake yi ka fara cin bashi, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: wani ne zai miƙa masa waya a shago ya ce "ba ɗanka ba ne wannan?" Ka riga shi. Kada ka tare shi kai kaɗai, ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa, aboki ko limaminku, ku same shi bayan isha'i. Ka fara da neman gafarar ƙaryar kafin zancen fim. Zai yi faɗa, ka yi shiru, kada ka kawo masa hujja a daren. Bayan kwana biyu ka zauna kusa da keken ɗinkinsa ka tambaye shi labarin tafiyar mahaifinsa, ka ce kana son rubutawa. Ban ce zai sa maka albarka a fim ba, wataƙila ya ƙi har abada, kuma a lokacin sai ka auna da kanka. Amma zai san me kake nufi da fim, ba abin da ya ji a bakin mutane ba.

Kafin duk wannan, ka samu Umma a kicin ka gaya mata abin da ka yi ranar hutun cin abincin, ka kwaikwaya mata yadda ka yi musu, kana kallon fuskarta. Ka rubuto mini abin da ta ce. Ka gaishe ta, ka ce mata wata 'yar uwarta mai "inta" ga kowa tana gaisuwa.

Gwaggonka.