Amsa: lezar nan kore da take dushewa

Malam, kai da ka ce lezarka kore tana dushewa in ta jima a kunne, ba batir ba ne, zafi ne. A ciki akwai diyod, wata 'yar ƙaramar na'urar lantarki, mai fitar da haske na 808nm (nm, wato nanomita, shi ne ma'aunin tsawon zangon haske), shi ke ciyar da kiristal ɗin da ke samar da koren 532nm da kake gani, to duk digiri ɗaya da diyod ɗin ya ƙara zafi tsawon zangon haskensa yana gocewa da kusan 0.3nm sai kiristal ya daina shan hasken sosai. Ga shi in diyod ɗin ya ɗau zafi sai ya ci ƙarin wuta kafin ma ya kama. Sanyi ma haka fa, tawa da hunturu sai na ɗumama ta a aljihu tukuna. Ka riƙa kashe ta tana hucewa.