Yadda birai suka isa tsibirin Bioko

Kana tambaya ya akai birai suka isa Bioko alhali teku ya raba shi da Kamaru da kilomita sama da 30? Da ƙafa suka taka malam, ba iyo ba. Shekaru wajen 20,000 baya duniya tayi mugun sanyi, ruwa ya daskare, teku ya ja baya da kusan mita 120 sai ƙasa ta fito daji ya haɗe, da zafi ya dawo ruwa ya rufe hanya suka maƙale can.

Amma fa irin haka ba ya faruwa sai in tekun da ke tsakanin tsibiri da gaɓa ba zurfi, ni shi nake fara dubawa a taswira. Sao Tome, wani tsibiri a yankin, ruwanta zurfi gare shi sosai, bata taɓa haɗewa da Afirka ba, biran can ma mutane ne suka kai su.